Idan Na'ura Ta Ce Ka Yi Kuskure A Rubutun Hausa, Wa Za Ka Bi?



Darasinmu na yau ya bar allo da alli ya shiga kwamfuta. Amma wanda ba ya son harkar na'ura kada ya gudu, maganar duk ta ƙa'idar rubutu ce. Tambayar ita ce: ka zauna ka rubuta Hausarka daidai, sai na'ura ta ja maka jan layi, ko ta jero maka kurakurai har ɗari uku. To, wa za ka bi, kai ko ita? Ɗalibai da yawa ita suke bi. Sai ka ga yaro ya goge waƙafin da ke saman 'ya'ya don kawai jan layin ya ɓace, 'ya'ya su koma yaya. Ya so ya ce mutumin yana da 'ya'ya, ya ɓige da cewa mutumin yana da yaya. Na'ura ta yi shiru, shi kuma ya ji daɗi.

Cikin waɗanda suka daɗe suna fama da wannan matsala a aikace akwai masu fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista. Ba maganar addini ta kawo mu ba, maganar rubutu ce, kuma dabarun da suka bi suna da amfani ga duk mai buga Hausa, ko ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel ne da ke rubuta kundin kammala karatu, ko malamin da ke buga tambayoyin jarrabawa, ko mai buga littafin tafsiri. Littafin nasu babba ne: littattafai 66 a tsarin 'yan Furotesta, babi 1,189, ayoyi sama da 31,000. Tun 1932 aka fara buga shi cikakke da Hausa. Babu idon ɗan'adam da zai bi ayoyi dubu talatin ya tabbatar kowace alamar zance da aka buɗe an rufe ta. Shi ya sa a yau akasarin masu wannan aiki suke amfani da wata manhaja mai suna Paratext, wadda ƙungiyoyin United Bible Societies da SIL suka samar. Tana duba lambobin babi da na aya, da haruffan da aka yi amfani da su, da alamomin rubutu, da baka biyu, da alamar zancen wani, da manyan baƙaƙe, da kalmar da aka maimaita sau biyu a jere.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, manhajar ba ta jin Hausa. Ba ta jin kowane harshe ma. Abin da take yi da farko ƙidaya ce: ta bi rubutunka kaf, ta jero maka kowane harafi da kowace alama da ta ci karo da ita, ta gaya maka sau nawa kowanne ya fito. Kai ne za ka bi jerin kana cewa wannan namu ne, wannan baƙo ne. Sai bayan nan ta duba rubutun da ma'aunin da ka ba ta. Ke nan idan ta kawo maka kurakurai ɗari uku, ba lallai ne ka yi kuskure ɗari uku ba. Sau da yawa ƙa'ida ɗaya ce tak ba ka sanar da ita ba, ita kuma ta yi ta cin karo da ita sau ɗari uku.

Ni dai nakan raba ƙorafin na'ura kashi uku. Akwai kuskure na gaskiya, wanda rubutun za a gyara. Akwai inda rubutun yake daidai, na'urar ce jahila, a nan ita za a gyara, ba rubutun ba. Akwai kuma inda hanya biyu duk daidai ne, abin da ake so kawai ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta. Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa Hausa a kwamfuta tana zuwa ne idan aka ɗauki kashi na biyu aka yi masa maganin kashi na farko.

Bari mu fara da babban mai laifi, wato waƙafin sama.

Wannan ɗan ƙaramin abu aiki biyu yake yi mana a rubutun Hausa na Nijeriya. Na farko shi ne hamza a tsakiyar kalma: sa'a, jama'a, ma'ana, sana'a, Alƙur'ani, Mai'adua, ɗan'uwa. Na biyu kuwa ɓangare ne na harafin 'y: 'ya, 'yar, 'yan, 'yanci. A nan ba alamar rubutu ba ce sam, rabin baƙi ne, kamar yadda ƙugiyar da ke kan ƙ take rabin baƙin. Kafin a tsayar da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, wasu marubuta ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu kuma waƙafi a gefensa. Da aka zo aka yi wa b da d da k ƙugiya, sai y ta zauna da waƙafinta a Nijeriya har yau. Wannan gadon muke ci.

Matsalar ita ce, a Turanci wannan alama tana da aiki na uku: ita ce take rufe zance a cikin zance. Mu ma mun aro wannan. Dubi wannan jimla:

Malam ya ce, “Mai unguwa ya ce, ‘Ku gaya wa ’ya’yanku su dawo gida da wuri.’”

Kai da ka iya Hausa ba ka ga wata matsala ba. Yanzu mu karanta ta kamar yadda na'ura take karantawa, alama bayan alama. Ta ga “ ta ce an buɗe zance na farko. Ta ga ‘ ta ce an buɗe na biyu a cikinsa. Tana cikin tafiya sai ta ci karo da waƙafin farko na ’ya’yanku, ta ce madalla, an rufe zance na biyu. Ta ƙara taku biyu ta ga wani waƙafin, ta ce af, an rufe abin da ba a buɗe ba, kuskure na ɗaya. Ta isa ƙarshen jimla ta tarar da ainihin alamar rufewar, ta ce an sake rufe abin da ba a buɗe ba, kuskure na biyu. Ka ga jimla ɗaya mai lafiya ta haifi kurakurai biyu. To, ka tuna littafin da suke fassarawa cike yake da Isra'ila da Kan'ana da Sama'ila, ga 'ya'yan wane da 'ya'yan wane a jerin zuriya, ga zance a cikin zance har hawa uku, wane ya ce wane ya ce a gaya wa wane. Ba abin mamaki ba ne jerin ƙorafin ya yi tsawon hanyar Gumel zuwa Kano.

Ta yaya ake warware ta? Hamzar tsakiyar kalma tana da sauƙi. Akwai wuri a cikin saitin harshe inda ake gaya wa manhajar cewa idan wannan alama ta faɗo tsakanin haruffa biyu, cikin kalmar take, kada a ɗauke ta a matsayin alamar zance. Da ka yi wannan, sa'a da jama'a da Isra'ila duk sun huta. Amma 'yan da 'yar ba su huta ba, domin nasu waƙafin a bakin ƙofa yake tsaye, ba a tsakar gida ba. Gabansa fili ne, bayansa harafi, daidai yadda alamar buɗe zance take tsayawa.

A nan ne ya kamata ka san wani abu da ido ba ya nunawa. A wurin kwamfuta kowane harafi lamba ne, kuma tsarin da ya raba wa haruffan duniya lambobi shi ake kira Unicode. A wannan tsari abin da muke kira waƙafin sama ba guda ɗaya ba ne. Akwai miƙaƙƙe na kan madannai ('), lambarsa 0027. Akwai mai buɗe zance (‘), 2018. Akwai mai rufe zance (’), 2019. Akwai kuma na huɗu (ʼ), 02BC, wanda a ido da kyar ka bambanta shi da mai rufe zance, amma Unicode ya lissafa shi cikin haruffa, ba cikin alamomi ba. Wannan na huɗun shi ne ya dace da aikinmu: idan ka sa shi a hamza da 'y, ka bar 2018 da 2019 ga zance kaɗai, rigimar ta ƙare, domin na'ura ba za ta ƙara ruɗa su ba. Illarsa ɗaya, ba ya kan madannai kai tsaye, kuma ba kowane zubin haruffa ne yake ɗauke da shi ba. Ga mai littafi babba ya cancanci wahalar. Ga mai rubuta ɗan saƙo a Facebook, gaskiya miƙaƙƙen ya wadatar.

Hanya ta biyu tana tsallaken iyaka. Wanda ya saba zuwa Maigatari, musamman ran Alhamis da kasuwa take ci, ya san rabin hirar da 'yan'uwanmu na Nijar ake yin ta, mutanen Magarya da Dungas da Damagaram. Hausarmu ɗaya a baki, amma a takarda akwai ɗan bambanci. Su a ƙa'idar rubutunsu, wadda gwamnatinsu ta tabbatar a 1999, y ma ƙugiya gare ta: ƴa, ƴan, ƴaƴa, babban baƙinta kuma Ƴ. Harafi ɗaya ne cur, babu waƙafi, saboda haka na'ura ba ta da abin ruɗewa. Ga shi kuma waɗanda suka yi karatun Faransanci sun saba da « » wajen buɗe zance da rufe shi, alamar da ba ta kama da hamza ko kaɗan. Idan ka tambaye ni, ta fuskar na'ura tsarinsu ya fi namu hutu, kuma kuna gani marubutanmu da yawa a intanet sun koma ƴ. Amma ɗalibi, ka ji ni da kyau: daidaitacciyar ƙa'idar da ake koyarwa a makarantun Nijeriya 'y ce, a takardar jarrabawa ita za ka rubuta. Wannan shi ne kashi na ukun da na faɗa. Duka biyun daidai ne a muhallinsu, laifin shi ne gwamutsa su a rubutu ɗaya. A wurin kwamfuta 'yan da ƴan kalmomi biyu ne da ba su san juna ba. Ka nemi ɗaya, ba za ta nuna maka ɗayar ba.

Saura masu Microsoft Word, waɗanda su ne mafi yawanmu. Word tana da wata ɗabi'a ta shisshigi: duk lokacin da ka danna waƙafi bayan fili, sai ta ɗauka zance za ka buɗe, ta juya shi ya zama ‘. Shi ya sa littattafai da jaridu suke cike da ‘yan maimakon ’yan, waƙafin ya juya baya. Wayoyin iPhone ma haka suke yi. Magani uku ne, ka ɗauki wanda ya yi maka. Da zarar ta juya shi ka danna Ctrl da Z, zai koma miƙaƙƙe. Ko ka danna waƙafin sau biyu ka goge na farkon, na biyun zai fuskanci inda ake so. Ko ka shiga saitin gyaran kai tsaye ka kashe juyawar gaba ɗaya.

Idan kuwa an riga an gama buga rubutun, za ka so ka yi amfani da nemo-ka-musanya ka gyara su duka a bugu ɗaya. Tsaya tukuna. Ka ce mata duk inda ta ga ‘yan ta juya waƙafin, to za ta juya har da na zancen da ya fara da yanzu ko yanka ko yanayi, domin su ma da y-a-n suka fara. Ka ce ‘yar, za ta haɗa da yaro da yarinya da yarda. Ka gyara goma, ka ɓata biyar. Sai dai ka sa fili bayan kalmar a wurin nema, ko ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana dubawa. Sa'ar da aka yi ita ce kalmomin 'y ba su da yawa, kusan dukkansu dangin 'ya ne, wadda asalinta ɗiya ce, kamar yadda Sakkwatawa suke faɗa har gobe. Minti goma sun isa ka gama da su.

To, mu koma kan ƙugiya.

Idan ka sa manhaja ta ƙidaya maka haruffan rubutun da mutum uku ko huɗu suka buga, za ka sha mamaki. Za ka ga ɗ tamu, sannan ka ga đ mai sanda a gicciye wadda ta mutanen Biyetnam da Kuroshiya ce, ka ga ɖ mai jela a ƙasa ta harshen Ewe na Gana da Togo, ka ga ķ ta mutanen Latbiya tana zaune a kujerar ƙ. Duk daga ina? Daga wayar da mai ita ya danne harafi ya ɗauki duk abin da ya fito mai kama da ƙugiya. Ga kuma masu k'asa da d'aya da b'era, waɗanda suke ƙara wa rigimar waƙafi wuta, ga 'yan qasa da qauye. A nan na'ura ta yi gaskiya, kashi na farko ne, rubutun za a gyara. Lambobin namu ga su: ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƙ 0199, Ƙ 0198, ƴ 01B4, Ƴ 01B3. A Word idan kana shakkar wani harafi, ka zaɓe shi ka danna Alt da X, zai rikiɗe ya zama lambarsa. Haka idan ka rubuta lambar ka danna Alt da X, harafin zai fito. Sai dai ka zaɓi lambar ita kaɗai kafin ka danna, domin a, b, c, d, e da f su ma lambobi ne a wannan lissafi. Kana son rubuta baƙi, ka buga ba sannan 0199, sai ta haɗa har da ba ɗin cikin lambar, abin ya ƙi fitowa. A waya kuwa ba sai ka sha wannan wahala ba, Gboard yana da madannan Hausa, ka ƙara shi cikin harsunanka kawai.

Akwai wata tsohuwar cuta da manyanmu za su tuna. Kafin Unicode ya bazu, kwamfuta ba ta da ƙugiya ko ɗaya. Masana suka yi dabara, suka ƙirƙiro zubin haruffa na musamman. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan hidima a shekarun 1990, kuma ta yi amfani ƙwarai a lokacinta. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba, a zana ƙugiya a wurin. Kana danna } sai ƙ ta fito, kana danna ] sai ɗ ta fito. A ido Hausa ce, amma a cikin kwamfutar har yanzu baka ce. Da zarar an kai rubutun wata na'urar da ba ta da wannan zubi, sai asiri ya tonu: ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓangare ya koma ~angare, garin Ɗanzomo na ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ya koma [anzomo. Na tabbata kun sha ganin irin wannan a tsofaffin maƙalu da ake yaɗawa. Idan irin wannan rubutu ya shiga manhajar da ke duba baka biyu, sai ta haukace, ko'ina an rufe bakar da ba a buɗe ba, ko an buɗe wadda ba a rufe ba. Kada ka bi su ɗaya-ɗaya, kuma kada ka je neman tsohon zubin don ka lulluɓe matsalar. Musanya shida za ka yi: } zuwa ƙ, { zuwa Ƙ, ] zuwa ɗ, [ zuwa Ɗ, ~ zuwa ɓ, | zuwa Ɓ. Kafin ka fara dai ka duba ko akwai inda marubucin ya yi amfani da baka ta gaskiya, kada ita ma ta zama ɗ.

Sai duban kalmar da aka maimaita. An yi shi ne don kama irin kuskuren mai buga rubutu da ya gaji, ya rubuta kalma sau biyu bai sani ba. A Turanci yana aiki lafiya. Hausa kuwa harshen ninki ne. Idan ta kama maka maza maza, ko kaɗan kaɗan, ko biyar biyar, kada ka goge ɗaya, domin “ya raba musu naira biyar” da “ya raba musu naira biyar-biyar” ba magana ɗaya ba ce, tambayi wanda aka raba wa. Amma ka gode mata, don ta nuna maka inda ka manta da karan ɗori. Ƙa'ida ta ce cikakken ninki da karan ɗori ake rubuta shi: maza-maza, kaɗan-kaɗan, tsalle-tsalle. Kana sa shi za ta yi shiru, kai ma ka dace da ƙa'ida.

Akwai kuma waɗanda ba ninki ba ne, kalmomi biyu ne daban da suka yi kama a rubuce saboda ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali:

Da da ne, da ƙafa za a je Gagarawa.
Ba ba shi aka yi ba, ara masa aka yi.
Ta ta da yaron daga barci.

A jimla ta farko, da ta farko ta sharaɗi ce, ta biyu kuma lokacin can baya. A ta biyu, ba ta farko korewa ce, ta biyu aikatau ne na bayarwa. A ta uku, lamiri ne da aikatau. Babu abin gogewa, babu karan ɗori. Paratext tana ba ka dama ka yi wa irin wannan alamar cewa ka gani, ba kuskure ba ne. Sai dai a nan akwai tarko. Idan ka gaya mata cewa da da halal ne a ko'ina, to ranar da wani ya rubuta “tsakanin da da uba” yana nufin ɗa da uba, ƙugiya ta faɗi, ba za ta ƙara ce maka uffan ba. Ni a ganina gara ka bar da da cikin abin tuhuma, kana wanke su ɗaya bayan ɗaya a inda suka fito.

Babban baƙi ba shi da doguwar magana. Jimlar da ta fara da 'yan, Y ɗin ce take zama babba, waƙafin yana gabanta: 'Yan kasuwa sun iso. Idan na'ura ta yi ƙorafi a nan, maganinta yana can wurin waƙafin da muka gama. Baƙaƙe masu goyo kuwa na farkon kaɗai ake girmamawa: Tsafe, Shehu, Ƙwarai, Gwaram.

Wani ɗan abu kuma ga masu karɓar rubutu daga Nijar. Idan Word ɗin da aka buga shi an saita ta a Faransanci, da kanta take sa ɗan fili kafin alamar tambaya da alamar motsin rai da ruwa biyu, don haka ƙa'idar Faransanci take. A namu rubutun alamar manne take da kalmar. Ba laifin marubucin ba ne, cire filin kawai za ka yi.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan haɗari, kuma ba ya cikin kashi ukun nan, domin shi babu ƙorafi a kansa: inda na'ura ta yi shiru alhali akwai ɓarna. Dubi waɗannan:

Ya ba ta kuɗi.
Ya bata kuɗi.
Ya ɓata kuɗi.

Ta farko kyauta ce, ta uku asara ce, ta tsakiya kuwa ba ta san inda ta dosa ba, mai karatu ne zai yi ta canka. Babu manhajar duba alamomi da za ta ɗaga maka hannu a kan ko ɗaya. Haka “akan ci kasuwa ran Alhamis” da “an yi magana a kan kasuwa”: ta farko lamirin sabo ne, a haɗe, ta biyu kalmomi biyu ne, a rabe. Ka musanya su, na'ura ba ruwanta. Haka baƙin Maigatari da bakin Maigatari, ƙura ta tashi da kura ta tashi, aiki ya ƙare da aiki ya kare, 'yar da aka haifa da yar da aka haifa. Duk kalmomi ne na Hausa, duk haruffansu halal ne, sai dai ba su ake nufi ba.

Iyakar taimakon da na'ura za ta yi maka a nan shi ne jerin kalmomi. Paratext tana iya jero duk kalmomin da ke cikin rubutu da adadin fitowar kowacce. Idan ka ga ƙasa sau ɗari huɗu, kasa sau goma sha biyu, to ka buɗe goma sha biyun nan ka duba: wasu kasawa ce ta gaskiya, wasu macijiya ce, wasu kuma ƙugiya ce ta faɗi. Kalmar da ta fito sau ɗaya tak ita ma abar zargi ce. Wanda ba shi da wannan manhaja zai iya yin kwatankwacinsa a Word: ka rubuta jerin tagwayen da ka san suna ruɗarka, kasa, baki, kare, bata, daki, kafa, gaba, ka neme su ɗaya-ɗaya kafin ka miƙa aikinka. Aikin rabin awa ne.

Game da abin da za a fara da shi, masu fassara sukan fara da ƙashin bayan rubutun, wato alamomin da ke nuna babi da aya da sakin layi, irin su \c da \v da \p, domin idan waɗannan suka karkace, manhajar ba ta ma san a wace aya take ba. Mu da ba mu da waɗannan, da haruffa za mu fara: a kori baƙin haruffa, a daidaita waƙafi ya zama iri ɗaya. Sai alamomin rubutu, sai zancen wani, kalmomi su zo ƙarshe. Dalili kuwa, idan ƙugiya ba ta daidaita ba, jerin kalmominka zai nuna maka kalma ɗaya a fuska huɗu. Kuma a wurin alamar zance, ƙorafin farko kaɗai za ka gyara, sannan ka sake sa ta duba. Alama ɗaya da aka manta ba a rufe ba a shafi na biyu tana iya sa duk zancen da ya biyo baya ya zama a juye, mai buɗewa ta zama mai rufewa. Ka gyara wannan ɗayar, sai ka ga arba'in sun ɓace tare da ita.

Ga jimlar gwaji. Ka buga ta da hannunka, kada ka kwafa, a wayarka ko kwamfutar da kake aiki da ita:

Ɗan'uwana ya ce, “Sarkin kasuwa ya ce, ‘'Yan Ɗanzomo su shigo da raƙumansu ɗaya-ɗaya, kada ƙura ta ɓata wa baƙi kaya.’”

Ka duba abu huɗu. Shin Ɗ babba ta fito, ko ɗan akwati ya fito a madadinta? Idan akwati ne, zubin haruffan ne ba shi da ita, canza shi. Shin hamzar ɗan'uwana da waƙafin 'Yan iri ɗaya ne? Shin gyaran kai tsaye ya taɓa maka wata kalma ba ka sa shi ba? Sannan ka dubi wurin da ya fi ko'ina wuya, inda alamar buɗe zance ta biyu ta yi kafaɗa da kafaɗa da waƙafin 'Yan. Alamomi biyu ake so a wurin, ta farko ta zance, ta biyu ta harafi. Idan ɗaya kaɗai ka gani, ko dai zancen ba a buɗe shi ba, ko kuma 'Yan ta rasa rabin baƙinta.